Yadda Ake Nutso Zuwa Jirgin Da Ya Nutse A Ruwa Mara Zurfi

Tun da na fara ba da labarin jiragen ruwan da na ziyarta a ƙasan teku, tambaya ɗaya ke ta dawo mini: ta ina mutum zai fara, me zai tanada, kuma in an isa me ake yi? Ga amsar bi da bi. Ina magana ne kan jirgin da ke kwance a ruwan ɗumi na ƙasashe masu zafi, wanda zurfinsa bai wuce mita 18 ba, ko kuma wani ɓangare nasa ne ke cikin wannan zurfin.

Ka riƙe lissafi guda kafin mu shiga. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Ke nan daga saman ruwa zuwa mita 10 matsin ya ninka biyu, amma daga mita 20 zuwa 30 ƙarin kashi ɗaya ne kawai cikin uku. A mita goman farko kunne ya fi shan wuya, iskar cikin rigar da mai nutso ke hurawa ta fi saurin kumbura, huhu ya fi shiga haɗari. Rashin zurfi yana ruɗin mutane, su saki jiki a daidai wurin da ya fi neman kula.

1. Takardar shaida da lafiyar jiki

Babu wata cibiyar nutso ta kirki da za ta ba ka tukunyar iska ka tafi ba tare da katin shaidar horo ba. Ƙungiyoyin da suka fi shahara wajen ba da shi su ne PADI, SSI, CMAS da BSAC. Matakin farko a tsarin PADI yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu: karatu, atisaye a tafkin wanka ko ruwa mai kwanciya, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Za a sa ka yi iyo na mita 200, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Katin yana ba ka izinin sauka zuwa mita 18. Mataki na gaba shi ke kai ka mita 30.

Gargaɗi: akwai takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa. Kada ka yi mata ƙarya. Mai asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko wanda aka taɓa yi wa aiki a kunne ko huhu, sai likita ya sa hannu. Mai juna biyu ba ta nutso. Idan mura ta toshe maka hanci ranar, haƙura za ka yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuma ya shekara bai shiga ruwa ba, ya nemi darasin tuni na rabin yini tukuna.

2. Zaɓen jirgi da lokaci

Jiragen da ke ƙasan teku iri biyu ne. Akwai waɗanda yaƙi ko haɗari ya nutsar, akwai waɗanda aka wanke, aka cire musu ƙofofi da wayoyi, aka nutsar da gangan don masu nutso da kifaye.

Misalin na farko shi ne Liberty a ƙauyen Tulamben na tsibirin Bali a Indonesiya. Jirgin dakon kaya ne na sojan Amurka. Jirgin yaƙin Japan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbe shi a watan Janairun 1942, aka jawo shi aka ajiye a gaɓa, ya yi shekara 21 a nan, sai girgizar da ta biyo bayan aman wutar dutsen Agung a 1963 ta zame da shi cikin ruwa. Tsawonsa kusan mita 120 ne, yana kwance daga zurfin kamar mita 5 zuwa 30, kuma da ƙafa ake shiga daga bakin gaɓa. Misalin na biyu shi ne Kittiwake a tsibirin Grand Cayman na yankin Karibiyan, wanda aka nutsar a watan Janairun 2011. Ga sabon shiga, irin wannan na biyun ya fi sauƙin karantawa, domin har yanzu siffarsa ta jirgi ce.

Za ka ji ana ta yabon Thistlegorm a Bahar Maliya ta gefen Masar, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941 da babura da motocin soja a cikinsa. Ya cancanci yabon, amma yana kwance a kusan mita 30 kuma ruwan wurin yana ja da ƙarfi. Ka bar shi zuwa gaba.

Game da lokaci, ka tambayi mutanen wurin abu uku: watannin da teku ke kwanciya, nisan da ido ke gani a cikin ruwa, da sa'ar da ruwa ke ja. A Karibiyan, lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Kuma ka fita da sassafe. Da hantsi ya ɗaga, jirgin da ya shahara yakan cika da mutane, ƙafafunsu su tayar da laka, kifaye su watse.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Tukunyar iska, wadda yawanci ta alminiyam ce mai cin lita 11, ana cika ta zuwa bar 200, bar kuwa ma'aunin matsin iska ne. Iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace an matse, ba zallar oksijin ba kamar yadda wasu ke zato. Sai ragileta mai sassauta matsin ta kawo iskar bakinka, da bakin shaƙa na biyu, galibi mai launin rawaya, don abokin da iskarsa ta ƙare. Sai agogon da ke nuna sauran iska, da rigar iska da ake hurawa ko a sace don daidaita nauyi, da ɗamarar dalma, da gilashin fuska, da filafilan ƙafa, da kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu mai nuna zurfi da lokaci.

Don jirgi kuwa ka ƙara abu huɗu. Rigar roba mai kaurin milimita 3 mai rufe hannu da ƙafa, ko da ruwan na da ɗumi, saboda ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma tsatsa ba ta san fata ba. Tocila, don leƙa lunguna. Ƙaramar wuƙa ko almakashi, saboda zaren masunta da ke sarƙewa a jikin ƙarfe, wanda ido ba ya ganinsa sai ya kama ka. Da doguwar balan-balan mai launin lemo da ake hurawa a tura sama don masu kwale-kwale su san inda kake.

Ra'ayina kan saye da haya: ka sayi gilashin fuska naka, domin wanda bai zauna a fuska ba zai ɓata maka nutson gaba ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, in ya manne to naka ne. Bayan shi sai kwamfuta. Sauran ka yi haya har ka tabbatar harkar ta kama ka.

Horon farko shi ne kashe kuɗi mafi girma. Bayan nan akwai hayar kaya, kuɗin kwale-kwale da jagora, da kuɗin shiga in wurin gandun teku ne da gwamnati ke karewa. Ka tambaya tun farko ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da waɗannan duka. Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne inshora. Ba kowace inshorar tafiya ce ke ɗaukar haɗarin nutso ba, kuma jinya a ɗakin matsin iska da ɗaukar majinyaci da jirgin sama suna da tsadar gaske. Ƙungiyar DAN ta yi suna a wannan fanni.

4. Bayanin jagora

Kafin a shiga ruwa jagora zai zana jirgin a allo. Wannan ba lokacin gyaran kamara ba ne. Ka fita daga wurin da amsar waɗannan: ina goshin jirgin yake, ina bayansa, a wane gefe ya kwanta, igiyar sauka a ina aka ɗaure ta kuma a wane zurfi, ta ina ruwa ke ja, a kan bar nawa za a juyo.

Ku kuma daidaita alamun hannu da abokin nutsonka. Haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe yana nufin lafiya lau. Karkaɗa tafin hannu yana nufin akwai matsala. Jan hannu a maƙogwaro, iska ta ƙare. Ɗaga babban yatsa sama kuwa yana nufin mu hau, an gama. Sabbi da yawa suna ɗaga shi don nuna jin daɗi, su ga jagora ya fara tattara mutane. Ƙa'idar rabuwa ita ce: in ka rasa abokinka, ka duba minti ɗaya, in ba ka gan shi ba ka hau a hankali ku haɗu a sama.

5. Duba kaya da gwada nauyi

Kowa ya duba na ɗan'uwansa: rigar iska tana hurawa tana sacewa, dalma tana nan kuma an san yadda ake yar da ita, maɗaurai sun kama, tukunya a buɗe take gaba ɗaya. Ka ja numfashi uku ko huɗu ta ragileta idonka na kan agogo. In allurar ta yi rawa, ba a buɗe tukunyar sosai ba.

A saman ruwa ka gwada dalma. Ka sace rigar ƙarƙaf, ka riƙe numfashi na daidai, ruwa ya kamata ya tsaya maka a saitin ido, in ka fitar da numfashin ka fara nutsewa a hankali. Sai ka ƙara kamar kilo 2, domin iskar da ke cikin cikakkiyar tukunya ta fi kilo 2 nauyi, kuma a ƙarshen nutso tukunyar za ta riƙa jan ka sama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lafta dalma don a nutse da sauri. Mai yawan dalma dole ya cika rigarsa da iska, ita kuma iskar, a ruwa mara zurfi, ko mita ɗaya ka hau sai ta kumbura ta ɗaga ka, ka sace, ka faɗo. Haka zai wuni kamar guga a rijiya.

6. Sauka

Ka bi igiya, ƙafa a ƙasa kai a sama. Tun kafin ka ji komai a kunne, ka matse hanci ka hura a hankali, ka maimaita kowace mita. Haɗiyar yawu ko motsa muƙamuƙi ma suna taimakawa.

Gargaɗi: in kunne ya ƙi buɗewa, ka tsaya, ka ɗan hau sama, ka sake gwadawa. Kada ka hura da ƙarfi, kada kuma ka daure ka ci gaba, haka dodon kunne ke fashewa. In gilashi ya fara tsotsar fuska, ka ɗan hura iska ta hanci. Ka lura da hannunka a kan igiya, tsofaffin igiyoyi suna ɗauke da ƙananan halittu masu kaifi da masu harbi.

Da farko ba za ka ga komai ba sai shuɗi. Can sai wani duhu ya bayyana a ƙasa kamar hadari, sannan gefensa ya miƙe ya zama layi, ka gane ƙarfe ne. Kafin ka saki igiyar, ka juya ka dube ta da kyau: a kusa da me take ɗaure, kwamfutarka mita nawa ta nuna. Nan ce ƙofar gidanka.

7. Zagaya jirgin

Ka tsaya kamar mita ɗaya ko biyu a saman jirgin ka daidaita kanka. Iska kaɗan-kaɗan a riga, ka jira, ka ƙara, har ka rataye a ruwa, in ka ja numfashi ka ɗan tashi, in ka fitar ka ɗan sauka. Daga nan huhunka ne sitiyarinka.

Ka fara da ɓangaren da ya fi zurfi, ka riƙa hawa sama-sama. In ruwa na ja, ka fara tafiya kana fuskantarsa, ya dawo da kai lokacin da ka gaji. Jikin jirgin kansa garkuwa ne, gefe ɗaya yakan kasance a kwance, amma da ka leƙa ta goshi ko ta baya ruwan zai iya fizgarka. Kada ka dogara da kamfas a nan, tarin ƙarfe yana rikita allurarsa. Ka riƙa sa alama da ido: ga farfela, ga tukunyar injin, ga sandar ɗaga kaya. Lokaci-lokaci ka waiwaya, don hanya ba ta kama da kanta in an juyo.

Salon ƙafa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ka kwanta a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, ka riƙa tura ruwa baya irin na kwaɗo. Mai kaɗa ƙafa sama da ƙasa kusa da ƙasan teku yana barin ƙura a bayansa, na bayansa su rasa abin gani. Ni kaina na yi wannan a farkon nutsona kan jirgi. Na tsaya ina kallon wani kifi a bakin taga, ƙafafuna suna ta shure-shure ban sani ba, sai na ji an kama filafilina an ɗaga sama. Da na waiwaya, jagora ne, bayansa kuwa mutum huɗu sun ɓace cikin laka. Bai ce komai ba da muka fito, sai dai ya miƙa mini hannu na ba shi kilo ɗaya daga dalmata.

Kunna tocila ko da rana tsaka. Ruwa yana haɗiye launin ja tun daga kusan mita 5, shi ya sa komai ke zama toka-toka, amma da haske ya faɗa kan ƙarfen sai ka ga ja da ruwan goro da rawaya na soso da murjani. Abubuwa kuma suna ƙara girma da kusanci a cikin gilashi, don haka kifin da za ka ba da labarinsa bai kai yadda ka gan shi ba.

Gargaɗi: hannu a rungume. Gefen ƙarfen da tsatsa ta ci yana yanka kamar reza, kuma a ruwa ba ka cika jin yankan ba sai ka ga wani abu kore-kore na fita daga yatsa, jini ne. Akwai murjanin wuta mai ƙuna kamar an ɗiga maka tafasasshen mai. Akwai kifin dutse da danginsa da ke kwanciya a kan ƙarfe, launinsu sak na tsatsa, ƙayarsu da dafi. Akwai dogon kifi mai kama da maciji da ke zama a bututu, ba ya neman kowa, amma kada ka cusa masa hannu. Wasu gandayen teku ma sun hana sa safar hannu, don dai kada mutane su riƙa taɓe-taɓe.

Kada ka ɗauki komai, ko da ƙusa ce. Ƙasashe da dama sun haramta, yarjejeniyar UNESCO ta 2001 tana kare abin da ya kai shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, kuma wasu jiragen yaƙin kaburbura ne, mutanensu na ciki.

Ka riƙa duba agogon iska duk bayan 'yan mintuna. A mita 10 kana shan iska ninki biyu na tudu, a mita 20 ninki uku. A bar 100 ka sanar da jagora, a juyo wajen igiya. A irin wannan zurfi yawanci iska ce ke fara ƙarewa kafin lokaci, tunda jadawalin PADI, mai ƙayyade daɗewa a ƙasa saboda iskar naitirojin da ke taruwa a jiki, ya ba da minti 56 a mita 18, amma a nutso na biyu da na uku lokacin yana raguwa, sai ka bi kwamfuta.

8. Ƙofar da ke kiranka

Za ka iso wata ƙofa a buɗe, haske na ɗan shiga, zuciya ta ce leƙa kawai. Ka haska tocila daga waje, ka wuce. Katin matakin farko bai ba ka izinin shiga inda rufi ya raba ka da saman ruwa ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kumfar numfashinka tana bugun rufi, tsatsa da laka su fara zubowa kamar yayyafi. Ƙafarka tana tayar da ta ƙasa. Ɗakin da ka shiga garau, cikin minti ɗaya ba ka ganin hannunka, tocila ma sai ta ƙara makantar da kai. Ga wayoyi na reto, ga jirgin a karkace, bango ya zama ƙasa, ƙofa ta koma sama. Zurfin mita 12 ba ya amfana maka komai in ba ka san inda ƙofa take ba. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa.

Masu shiga suna da horo na musamman. Suna jan zare daga waje, suna riƙe tocila fiye da ɗaya, suna raba iska uku: kashi ɗaya shiga, ɗaya fita, ɗaya ajiya. Ko a cikin nutson nishaɗi, ƙa'idarsu ita ce kada a wuce inda ake ganin hasken waje, kuma zurfi haɗe da nisan shiga kada ya wuce mita 40. In ka ga iska ta taru a wani lungun rufi, kada ka cire ragileta ka shaƙa, ba ka san abin da ke cikinta ba.

9. Hawa

Ka isa igiya da iskar da za ta kai ka saman ruwa da saura bar 50. Ka hau a hankali, kamar mita 9 zuwa 10 a minti, kwamfuta za ta yi ƙara in ka yi sauri. Hannun hagu a sama riƙe da bututun riga, kana sace iska kaɗan-kaɗan. Ba a hura riga don hawa. A mita 5 ka tsaya minti 3, jiki ya rage naitirojin ɗin da ya sha.

Gargaɗi: kada ka taɓa riƙe numfashi, musamman yanzu. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girma kafin ka kai sama, huhu kuwa ba ya ba da sanarwa kafin ya yage, ko tashin mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a rufe ya isa. Mita biyar ɗin ƙarshe su ne aka fi yi wa gaggawa, alhali su suka fi neman sannu. Ka dubi sama ka saurari ƙarar inji. In ka rasa igiya, ka tura balan-balan tun kana mita 5. Da ka fito, ka cika riga da iska, kada ka cire gilashi da ragileta sai ka hau kwale-kwale, kuma kada ka tsaya ƙarƙashin wanda ke kan tsani.

10. Bayan fitowa

Sha ruwa sosai, ka huta aƙalla awa guda kafin nutso na gaba. Kada ka hau jirgin sama ko tsauni mai tsawo sai bayan awa 12 in nutso ɗaya ka yi, awa 18 in ka yi fiye da ɗaya ko ka jera kwanaki.

Yankan ƙarfe a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a duba ko allurar rigakafin sarƙe-haƙora tana kan lokaci. Harbin kifi mai ƙaya, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, kamar digiri 45, a nufi asibiti. In kuwa bayan fitowa ka ji ciwon gaɓoɓi, ko sagewar hannu ko ƙafa, ko jiri, ko gajiyar da ta wuce misali, ko ka ga fata ta yi dabbare-dabbare, ka faɗa nan take. A ba ka zallar oksijin, a kira likitan nutso. Kada ka ce bari in kwanta zuwa safe, kada kuma wani ya ce ka koma ruwa don ya warware.

Ka ɗauraye kaya da ruwan daɗi, murfin ragileta a rufe, ka shanya a inuwa. Sannan ka buɗe littafin nutsonka ka rubuta zurfi, mintuna, bar nawa ka shiga da shi da nawa ka fito, kaurin rigar da ka sa da kilo nawa na dalma. Wannan layin na ƙarshe shi za ka fara nema ranar da ka sake tsayawa gaban mai ba da hayar kaya yana tambayarka nawa zai ɗaura maka.